Ranar da Kawu Nomau Bai Zagaya Tirela Ba

Bari in fara da tona wa kaina asiri. Shekaranjiya na ɗaure akuyar Inna da ƙulli ɗaya, irin na malalata, na tafi rijiya. Kafin in dawo ta kwance kanta, ta shiga madafa, ta cinye tsakin da aka jiƙa, ta ɗora da rabin faifai, kuma na rantse da na ƙara jinkiri kaɗan da ta fara kan tukunya. Na tsaya tsakar gida na noƙe wuya, ina jiran a kamo kunnena ta baya a ce, "Wa yaɗ ɗaure wagga?" Shiru. Sai can na tuna mai tambayar ya kusa kwana arba'in yana kwance a maƙabartar Sabon Birni.

Ku da kuka san Kawu Nomau, yayan Inna, direban babbar motar ofishin gona ta Isa, kun san bai taɓa wuce ƙulli bai ja shi ba. Igiyar guga, dabaibayin jaki, ɗaurin itacen da mace ta sauke don ta huta, duk nasa ne. Zai tsaya, ya zura yatsu biyu, ya ce, "Ja mu gani," ya fizga da ƙarfin tsohon soja. In ƙulli ya riƙe, sai ya wuce, ba yabo. In ya kwance, mai shi ya shiga uku, don zai sha karatun ɗauri har rana ta karkata.

Da yawanku kuna kasuwar Sabon Birni ranar da wani Buzu ya sauko daga arewa, ƙasar da Faransa ke mulki, da raƙumi ɗauke da gishiri. Raƙumi na tsaye, Buzu na gaisawa da mutane, Kawu ya biyo ta gefe. Ya dubi igiya, ya dubi sama, ya yi kamar zai wuce, zuciya ta ƙi.

"Ja mu gani."

Kantun gishiri ya zubo ƙasa kamar katanga ta faɗi. Raƙumi ya yi kuka, kaji suka watse, wata mai fura ta tsallake ƙwaryarta. Buzu ya kai hannu ga takobi.

Kawu ko gezau. Ya ce, "Kwana nawa kay yi bisa hanya da ɗaurin ga?"

"Tara!"

"To ka yi sadaka. Allah yar riƙa maka shi, ba igiya ba."

Ya durƙusa ya ɗaure masa kayan da kansa, ɗaurin da aka ce sai da Buzun ya sa wuƙa kafin ya sauke. Da Kawu zai tafi har ya tsaya yana jiran godiya.

Sau ɗaya tak na ji dalilin wannan hali, kuma ba ni ya gaya wa ba, Inna yake gaya wa. Ya ce a yaƙin Bama, inda ya koyi tuƙi, wata mota tana jan igwa a kan tudu, ƙusar da ta haɗa su ta fita, igwa ta gangaro da baya ta bi ta kan abokinsa, wani yaro ɗan Shinkafi da suke cin abinci a kwano ɗaya. Daga nan ya tashi ya je ya ja igiyar shanyar Inna, ta tsinke.

To, ga abin da ya kai ni Isa bana. Kun san Baba ya rasu bara, ya bar mana gonar fadama, laka tsantsa, wadda in ta bushe ko gatari tsalle yake a kanta. Ni kaɗai ne namiji a gidan, shekarata goma sha biyar, kuma in na ɗaga garmar hannu sau ashirin sai in ga taurari da rana tsaka. Rumbunmu kuwa tun kafin bazara in ka yi magana a ciki yana amsa maka. Sai malamin gona ya zo da albishir: an kawo wata ƙaramar motar noma, tantan, tana Isa, za a jawo ta zuwa fadamarmu ta fasa laka kafin gulbi ya kawo ruwa. Aka rubuta gonaki, ta Inna ce ta uku. In tantan ta iso kafin ruwa, muna da shinkafa. In ba ta iso ba, ba mu da komai. Baturen gona ya hana a tuƙo ta da ƙafarta, wai man da aka auna na noma ne, kuma mai tuƙa ta yana can wajenmu yana jira. Sai dai a ɗora ta a tirela. Wa zai ja? Kawu Nomau.

Da Inna ta ji sunan direba, sai ta zauna a kan turmi ta dafe kai.

"Ila, tashi ka tahi Isa. Ka zauna bisa wuyan kawunka hash shi taso. In ka bar shi, sai shi ɗaure ta har kaka."

Na isa Isa ranar Lahadi, na tarar da tantan a bakin ofis, 'yar toka-toka, ba ta fi bijimi biyu ba, yara sun kewaye ta suna shafa. Ga tirela biyu a gefe. Ɗaya ƙarama, mai taya biyu, wadda ake ɗaukar gyaɗa da ita, lafiyarta lau, yau in an so a tashi. Ɗayar babba, taya huɗu a tsakiya, amma ƙusar wuyanta, wato ƙarfen da ake zurawa ya haɗa ta da mota, ta lanƙwashe. Ba sai na gaya muku wadda Kawu ya zaɓa ba.

Na ce, "Kawu, ga mai lafiya can."

"Buhu nawa taka ɗauka?"

"Goma."

"Tantan buhu nawa ta?"

"Ai ba buhu ba ce, Kawu."

"Komi buhu na, ɗan boko. Kai buhu guda na, ba ka cika ba ma. Na tambayi Bature, ya yi lissahi, da galmatta ta haura ashirin. In ka aza ma jaki kayan raƙumi, ina kaka zato za ku kwana?"

Salami makanike yana ƙarƙashin mota yana jin mu. Kun san Salami, Bayarabe, abokin wasan Gobirawa, wanda shekara bakwai shi da Kawu ba su taɓa gaisawa ba sai da zagi. Ya turo kai waje ya ce, "Yaro, ƙyale bawana. Yau dai ya yi gaskiya, ban san wa ya ara masa hankali ba."

Kawu ya ce, "Koma ƙasa inda kad dace, bawan Gobir."

Aka tafi maƙera. Maƙeri ya ƙera ƙusa ta farko, Kawu ya ƙwanƙwasa ta a kan uwar maƙera, ya kara a kunne, ya ce tana ƙarya. Ta biyu ya ce ta cika siranta. Ta uku ya ce ba a huda ƙasanta ba, ina za a sa makari don kada ta yi tsalle ta fita? Maƙeri ya ajiye masaba, ya ce shi tun kakanninsa takubban Gobir suke ƙerawa, ba a taɓa mayar musu da aiki ba. Kawu ya ce, "Shi ya sa anka ci mu." Sai da dattawa suka shiga tsakani. Kwana uku aka yi a kan ƙarfen da bai kai tsawon tafin hannuna biyu ba, ni kuwa kullum da la'asar ina kan katangar ofis ina kallon gabas. Gabas ta fara haɗa fuska.

Ranar Alhamis aka zo ɗorawa. Aka jingina katakai biyu, ƙarti goma suka turo tantan ta hau. Kowa ya yi kabbara, har wani ya fara neman goro. Kawu ya tsuguna a gefe, ya rufe ido ɗaya, yana duban wuyan tirela.

"Ku tura ta gaba, taki guda."

Suka tura.

"Ta yi yawa. Ku maido ta, yatsa huɗu."

Suka mayar.

"Wa yac ce biyar?"

Daga hantsi har azahar ana wannan. Wani ƙato ya ce shi ko amaryarsa bai sha wahalar zaunar da ita haka ba. Kawu ya yi masa bayani kamar mai wa'azi: in nauyi ya taru gaba, zai danne gindin mota, sitiyari ya yi sako-sako. In ya taru baya kuwa, wuyan tirela zai ɗaga, ta riƙa kaɗa gindi hagu da dama, kuma duk kaɗawa ta fi ta baya, har ta kifar da kanta. "Nauyi ɗan gaba kaɗan da tayu. Kaɗan! Wanda bai san kaɗan ba shi koma gida."

Sannan sarƙa huɗu, kowace kusurwa ɗaya, kowace ta ja nata gefen. Wasu biyu kuma ya gicciya su ƙarƙashin wuyan tirela, wai ko ƙusa ta ci amana su tallabe. Da aka rasa itacen tokare tayoyin tantan mai ƙwarin da ya gamshe shi, sai ya aika gida aka ɗauko turmin matarsa, Iya Hajo, ya sa gatari ya raba shi huɗu. Iya Hajo ta biyo turminta har bakin ofis da taɓarya a hannu.

"Malam, da mi za ni daka?"

"Ki ara."

"Turmin aurena na!"

"Shi ya sa. Shekara ashirin kina dukan shi bai tsage ba. Akwai shaidar da taf fi wagga?"

Iya Hajo, ki yi haƙuri, amma har ke sai da kika yi dariya.

Asabar da safe muka shirya. Bodin mota cike da gangunan mai da garmar tantan, an lulluɓe da tamfol, an ɗaure ɗaurin da ko iska sai ta nemi izini. Sai ga jama'a. Gobe kasuwa a wajenmu, kowa ya ga fili a tirela, gaba da bayan tantan. Fatake da ƙullin kaya, mata da ƙwarya, wani Bafillace da ɗan maraƙi, har da wani dogari mai jan rawani da ya ce aike zai kai. Kun san a ƙasar nan mai abin hawa ba ya hana matafiyi wuri, abin kunya ne har jikoki. Kawu ya hau kan taya ya ce, "Ko ƙwai ba a aza min bisa tirelag ga. Mai son shi hau, shi hau bayana in goya shi." Dogari ya ce zai kai ƙara. Kawu ya ce ya gaishe su. Wata tsohuwa ta ce ta san uwarsa, mutuniyar kirki, ba ta san inda ta samo shi ba. Ya zagaya mota da tirela sau uku kamar kullum, yana shurin taya, yana jan sarƙa, sannan muka tashi, ana binmu da baƙar magana har ƙofar gari.

Na ce a raina an gama. Ashe ba a fara ba.

Muna fita gari kaɗan, gindin wata tsamiya, sai ga dattijo zaune a kan buzu, jakuna huɗu a gefensa, da samari biyu. Ya ɗaga sanda. Na dubi Kawu in ji kalar zagin da zai fito, sai na ga mutum ya taka birki, ya cire hula ya mayar, ya zare takalma tun a cikin mota. Malam Jatau ne na Kamarawa, mai sayar da duwatsun niƙa. Uban Iya Hajo. Surukinsa.

Jama'a, mutumin da ya tsaya gaban takobin Buzu, wanda ya kori dogari, sai ga shi ya sauka ya tsuguna a gaban mota, can nesa, kansa a ƙasa, yana gaida ƙasa. Shekara ashirin da aure bai taɓa haɗa ido da Malam Jatau ba, bai taɓa cin abinci inda yake ba, bai taɓa kiran sunansa ba. In ya hango shi a kasuwa, sai ya bi ta rumfar mahauta ya ɓace. Shi ma dattijon bai dube shi ba, tsamiya ya yi wa magana.

"A gaida masu mota. Jakkan ga sun gaji, ga kasuwa gobe. Allah ya kawo sauƙi. Yara, ku aza."

Samari suka fara sauke duwatsu daga jakuna suna kaiwa bayan tirela. Goma sha biyu na ƙirga, kowane sai mutum biyu sun yi nishi. Suka jibge su can ƙarshen wutsiya, duk a gefen hagu, don a bar wa Malam gefen dama ya shimfiɗa buzunsa.

Kawu yana jin ƙarar kowane dutse a jikin katako, kafaɗarsa na motsi kamar shi ake ɗora wa. Ya yafito ni da yatsa. Na tsuguna kusa da shi. Zufa na ɗiga daga haɓarsa.

Ya ce da raɗa, "Ila, kai yaro na, bakinka ba shi da nauyi. Tahi ka ba su haƙuri. A kwance tamfol, a jera duwatsun ga cikin bodi, tsakanin ganguna. Su kuma su zauna bisa, nan bayan kaina. Kada a bar ko tsakuwa bisa tirela. Ka ji?"

"Na ji, Kawu."

Na miƙe. Na dubi tamfol, na tuna awa nawa aka yi ana ɗaure shi. Na san in aka kwance, sai an sauke ganguna, an sake jeri, an sake ɗauri, an ja an gani, sai gobe. Na dubi gabas, ta yi baƙi ƙirin har ƙasa. Na tuna Inna a kan turmi. Wannan ne abin da ban taɓa gaya wa kowa ba, yau za ni faɗa. Na zagaya baya na durƙusa gaban dattijo na ce, "Baba, Kawu ya ce ku zauna da kyau, ku riƙe sarƙa."

Ya ce, "Allah shi yi mai albarka. Yaron kirki, ba shi da hayaniya." Ya ba ni dabino biyu.

Na ɗan ja lokaci, na bubbuga ganga, na kaɗa tamfol don a ji motsi, samari suka kora jakunansu, sannan na dawo gaba.

"An gyara?"

"An gyara."

"Dut?"

"Dut, Kawu."

Ya miƙe zai zagaya kamar yadda ya saba. Taki biyu ya yi, sai dattijo ya yi gyaran murya daga baya. Kawu ya tsaya cak. In ya zagaya, dole ya bi ta gaban surukinsa, a tsaye, yana shurin taya. Ya juyo ya shiga mota. Tun da aka ba shi motar nan, ranar ce kaɗai ya tashe ta bai zagaya ba.

Bayan mil ɗaya ya tsaya, don a ka'idarsa sarƙa takan saki in ta sha girgiza. Bai sauka ba, ni ya aika. Na je na ja, sarƙoƙi kamar an zuba su da dalma. Malam Jatau yana zaune yana jan carbi, iska na kaɗa gemunsa, ya ce bai taɓa jin daɗin tafiya irin wannan ba. Na dawo na ce lafiya lau.

Muka ci gaba. Madubin motar ɗaya ne, ɗan mitsitsi, ba ya nuna komai sai tamfol. Amma Kawu da gindinsa yake jin mota. Can ya karkata kai.

"Tirelag ga tana magana."

"Rairayi ne, Kawu."

"Rairai ba ya magana haka."

Ya rage gudu har wata mata mai ɗauke da itace ta wuce mu, ta waiwayo ta yi mana sannu. Da wannan tafiyar hawainiya muka yi yini, kuma da hanya ta ci gaba a miƙe da mun isa. Amma kun san gangaren mashigin gulbi, inda hanya take sauka ta karkace hagu kafin ta faɗa rairayi. La'asar ta yi muka kai. Kawu ya sa babbar giya ta ƙasa, ya yi bisimilla, muka fara sauka.

Na ji an ja mu dama. Sannan hagu, da ƙarfi. Sannan dama, har haƙorana suka haɗu. Kawu bai taka birki da ƙarfi ba, ya riƙe sitiyari yana cewa, "Tsaya, tsaya, 'yar albarka," sai muka ji wata ƙara kamar an fasa dutse da tsawa, gindin mota ya ɗaga ya dawo, komai ya yi tsit.

Na riga shi sauka. Tirela tana kwance a gefenta na hagu a cikin gulbi, tayoyi biyu a sama suna juyawa. Duwatsun niƙa sun watsu, ɗaya yana ta gangarawa shi kaɗai kamar an aike shi. Malam Jatau kuwa yana can zaune a tsakiyar rairayi, shi da buzunsa, carbi a hannu, rawani ya rufe masa ido, ko ƙwarzane babu. Na sha faɗa wa yara cewa sai da ya yi juyi uku a sama yana salati. Gaskiya ban gani ba.

Tantan fa? Tana manne da tirela, a kwance, ko yatsa ɗaya ba ta gusa daga inda aka ajiye ta ba. Sarƙa huɗu sun riƙe. Turmin Iya Hajo ya riƙe. Ƙusar maƙeri ta murɗe kamar igiya amma ba ta fita ba. Duk abin da Kawu ya ɗaure yana nan yadda ya ɗaure shi.

Kawu ya zo ya tsaya. Ya dubi duwatsu. Ya dubi tamfol, wanda ƙullinsa na safe ke nan ba a taɓa ba. Sannan ya dube ni. Na jira mari, na jira zagi, na ma fi son su. Ya zare takalma, ya tsuguna daga nesa, ya sunkuyar da kai wajen surukinsa.

"Ila, tambaye su ko sun ji ciwo."

Dattijo ya gyara rawani, ya gaya wa gulbi, "Alhamdu lillahi. Sai dai a riƙa tuƙi a hankali."

Kawu ya ce, "To."

Washegari Salami ya iso a kan keke da jak da ƙarafa, aka tara mutanen ƙauyuka biyu da shanun Fulani takwas. Salami ya zagaya tirela, ya ga duwatsu, ya buɗe baki zai fara, sai ya ga fuskar Kawu. Ya rufe bakin. Ya ce, "Nomau, kawo sarƙa." Ban taɓa jin ya kira shi da sunansa ba, kuma wannan ya fi tsorata ni da faɗuwar. Aka kwance tantan, aka yi ta ja. Shanu su ja, rairayi ya haɗiye. A haƙa, gefe ya rufto. Mota da ƙyar aka fitar da ita tudu. Yini biyu muna wannan, hannuna duk ya fashe. A nan ko ɗigo ba a yi ba, amma can sama wajen Zamfara an kwana biyu ana zuba ruwa. Ranar Talata da hantsi wani makiyayi ya rugo yana ihu a fita. Muka hau tudu muka tsaya. Ruwa ya zo ja wur, da kumfa da itatuwa, ya shafe tayoyin tantan, ya shafe sitiyari. Bututun hayaƙinta ne ya daɗe yana leƙe, kafin azahar shi ma ya nutse.

Da Baturen gona ya zo bincike, ya tambayi wa ya ɗora duwatsu a wutsiya. Mutum hamsin a wurin sun san amsa, ni na san wadda ta fi tasu. Kawu ya ƙame kamar a fareti ya ce, "Ni na direba. Ban zagaya ba." Bature ya sake tambaya ta bakin tafinta, Kawu ya sake ba shi amsa ɗaya. Aka karɓi makullin mota.

Kawu bai koma Isa ba. Ya bi ni gida, ya ɗauki garmar Baba, ya shiga gonar Inna, ruwa ya riga ya kai ƙwauri. Inna ta ce ya bari, lokaci ya wuce. Ya ce ya ji. Kullum tare muke fita, yana gaba ina baya, muna kaftar laka a cikin ruwa, abin da duk mai hankali ya san ba noma ba ne. Ko a nan bai fasa hali ba, sai da ya tsaya ya sake ɗaure wa wani mai kamun kifi gorarsa, mutumin yana rantsuwa ba ya so.

Rana ta shida muna hutawa a kan kunya, na ce, "Kawu, ranar nan, ban faɗa ma Malam saƙonka ba."

Yana goge laka daga ƙafarsa da kara. Ya ce, "Na sani tun gindin tsamiya. Kwance tamfol ɗina ba ya yiwuwa da saurin ga."

"To don mi ba ka—"

"Kai ka ji tsoron hadari, ni na ji kunyar tsoho. Kai yaro na. Ni hwa?" Ya jefar da karan. "Tashi, rana tana tahiya."

A kwana na tara ya fara tari, haƙarƙari ya riƙe. Aka yi sassaƙe, aka yi rubutu, aka yi ƙaho. Malam Jatau ya zo dubiya daga Kamarawa, ya tsaya a zaure. Kawu da ba ya iya ɗaga kai, da ya ji muryarsa sai da ya lallaɓa ya jawo mayafi ya rufe fuska. Kwana huɗu bayan nan ya cika, da rana tsaka, Inna na riƙe da hannunsa.

Allah ya jiƙan Kawu Nomau, ya yafe masa, ya sa ya huta. Allah ya ba Iya Hajo haƙuri. Ni kuma ku roƙa mini gafara wajensa da wajenku.

Abin da muka kafta ni da shi bai kai kashi ɗaya cikin biyar na gonar ba, kuma ruwa ya shanye irin da muka watsa. Tantan tana nan ƙarƙashin gulbi, masunta sun ce rairayi ya rufe ta. Malamin gona ya ce ba a sa ran wata. Na bar makaranta. In an yi sadakar arba'in, za ni bi fataken Gobir zuwa kudu neman aikin dako, Inna kuma za ta koma gidan ƙanenta da akuyarta.